Shekarar da Na Ce Madalla

Falmata, wannan babin naki ne ke da ƙannenki, domin na san labarin da kuka taso kuna ji a bakin matan gidanmu na Bolori, wai ranar da Gwaggo Zara ta rasu ni Yagana na ce madalla. To, na faɗa. Da bakina na faɗa, a gaban Baba Mala, mata suna shara a tsakar gida suna ji. Abin da ba a ba ku daidai ba shi ne yadda aka yi na faɗa, da dalilin da ya sa babanki ya ɗauke ki daga hannuna ya tafi da ke Potiskum a wannan shekarar. Wasu sun ce hukunci aka yi mini, wasu sun ce babanki ne mai taurin zuciya. Duk ba haka ba ne. Yanzu na kai shekarun da surutun mutane ba ya hana ni cin tuwo, don haka gara in zauna in rubuta muku abin yadda ya faru.

Sunan da aka raɗa mini ya bi ni. Gana a Kanuri ƙarami ne, ni kuwa tun da na kai tsawon yarinyar da ake aika sayen gishiri sai jikina ya ce ya gaji, ya tsaya. Sa'o'ina suka wuce ni, ƙannena suka wuce ni, daga baya 'ya'yan ƙannena ma suka bi sahu. Al'adar mata ban taɓa ganin ta ba. Rubutu na sha shi, saiwa na sha ta har na fi masu sayar da ita sanin sunayenta, ba abin da ya motsa. Na yi aure na 'yan shekaru muka rabu lafiya, ba haihuwa ba ɓari, na dawo gida na kama sana'ar turaren wuta da humra. Kunne kuwa tun ina ƙarama yake damuna, yau ciwo gobe ruwa, mahaifiyarmu tana ɗiga mini man shanu mai ɗumi ina tsala ihu. Kuma kada ku ɗauka ni salihar yarinya ce. In an ce kada a hau katanga, a kan katangar za a same ni. Shi ya sa tun ina ƙarama magana ɗaya ta manne mini, Yagana ba ta ji. Gidanmu gidan tsofaffin makiyaya ne da suka zauna a birni suka koma dillancin shanu, matan gidan wata Shuwa, wata Kanuri, wata Bafulatana, sai Hausa ta zama yaren tsakar gida. Kun kuma san halin Hausa da wannan kalmar. Mai taurin kai ba ya ji, kurma ma ba ya ji. Lokacin da na tashi daga na farko na koma na biyu, ba wanda ya lura, domin kalmar ba ta canja ba.

Ke kuwa ranar da aka yaye ki aka kawo mini ke. Yayana Bukar, wato babanki, shi ya ɗauko ki da kansa daga Potiskum inda yake harkar shanu, ya ajiye ki a cinyata ya ce ga 'yarki nan. Haka ake yi wa macen da Allah bai ba ta haihuwa ba in tana da 'yan uwa na kirki. Na goya ki ƙafafunki suna dukan bayan gwiwata, mutanen unguwa suna dariya suna cewa yarinya ta goya yarinya. Ban damu ba. Duk abin da duniya ta hana ni sai na ga an ba ni shi a dunƙule, yana tashi da asuba yana neman kunu.

Kina da kamar shekara bakwai kunnena ya fara tafiya da gaske. Ba dare ɗaya ya tafi ba, kuma ba duka ba. Ƙarar mota ina ji, tsawa ina ji, amma maganar mutane sai ta zama kamar ana yin ta a bayan katanga, ina jin murya ba na jin kalma. Sai na koyi kallon baki. A kasuwa da wajen masu sayen turare wannan ya ishe ni, ba wanda ya gane. Ban gaya wa kowa ba, kuma ga dalili. Shekarun nan ne da Maiduguri ba ta da kwanciyar hankali, kowace uwa da kunnenta take tsaron ɗanta. In aka ji motsin da ba a gane ba, ko wani ya ƙwala kira daga waje, sai kowa ta suri nata ta shige ɗaki. Na san in aka ce Yagana kurma ce, tambayar da za ta biyo baya ita ce wa zai bar mata yarinya a irin wannan lokaci. Tsoro nake ji ƙwarai, kullum da shi nake kwana.

Wuri ɗaya ne kallon baki bai yi mini aiki ba, wato gaban Baba Mala, wan mahaifinmu, wanda gidan yake hannunsa tun bayan rasuwar iyayenmu. Mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa irin ta dattawan Borno, kuma gefen rawaninsa kullum yana kan bakinsa. Mu mata kowace safiya muke zuwa gaishe shi a ƙofar ɗakinsa, a durƙushe, lafaya ta rufe kai, ido a ƙasa. Ɗaga ido a kalli fuskarsa rashin kunya ne wanda ko matansa ba sa yi. To amma gaisuwar Baba Mala ba ta canjawa. In ka ce wushe, wato sannu, ya amsa, sai ya tambayi kwana, ka ce kalewa, wato lafiya. Ya tambayi gajiya, ya tambayi yarinya, ya tambayi aiki, sannan ya rufe da cewa shi ma ya tashi lafiya, kai kuma ka ce madalla, mun gode Allah. Na haddace ta kamar karatun allo. Ina jin gunjin muryarsa, in ya tsaya sai in saka amsar da ta dace da wurin. Haka na daɗe ina yi, har na fara jin ni wata gwana ce.

Gwaggo Zara ƙanwarsa ce, tana zaune a gidan ɗanta a can ƙasan unguwa. Kowa ya san ba ma shiri. Ita ce mai cewa a gaban jama'a wai ni ba mace ba ce ba yarinya ba, ni kuma ba na barin ta ta tafi da shi, ina mayar mata daidai gwargwado. Da asubar wata Talata ta cika, aka aiko wa Baba Mala kafin kowa. Ni kuwa na zo gaisuwa kamar kullum, kaina a ƙasa. Ya tambayi kwana na amsa, ya tambayi gajiya na amsa, ya tambaye ki na amsa. Daga nan ya yi magana ɗan gajere ya tsaya. Daga baya na san abin da ya ce shi ne, Zara ta rasu yanzu da asuba. Ni kuma na buɗe murya sosai, domin wanda ba ya jin kansa ba ya sanin ƙarfin muryarsa, na ce madalla, mun gode Allah. Na tashi na kakkaɓe gwiwa na koma ɗaki, na ɗora tukunyar turare a wuta har ina 'yar waƙata.

Sai da na ga mata suna yafa lafaya suna fita da hawaye na tari ɗaya na tambaya, ta dube ni sama da ƙasa ta gaya mini. Na bi su gidan makoki, na yi kuka na gaskiya, domin duk faɗanmu ita ta yi mini kitson aurena. Amma na lura duk tabarmar da na zauna sai ta yi fili. Na ɗauka tsohuwar rigimarmu ce ake tunawa. Ranar sadakar uku Bukar ya kira ni bayan rumfar awaki, ya tsaya a gabana, shi da yake mai buɗe baki ne in yana magana ina gane shi sarai. Ya maimaita mini abin da Baba ya faɗa da abin da na amsa. Na zauna a kan turmi.

"Baba ya ce a gaya mini in tafi da 'yata," in ji Bukar. "Ya ce yarinya ba za ta tashi a hannun wadda ba ta ji ba. Na roƙe shi ya bari sai arba'in."

Na ce, "Ya Bukar, kai ma ka yarda na yi murna da mutuwa?"

"Ni ban ce ba, Gana. Amma kin faɗa, an ji. Ki bari zuciyarsa ta huce. Ranar arba'in ki durƙusa ki ce ɓacin rai ne da sharrin Shaiɗan, kin tuba. Na san Baba, zai yafe. Falmata ta ci gaba da zamanta a wurinki, magana ta mutu."

Kun ga inda aka ajiye ni. In na karɓi laifin da ban yi ba, ke tawa ce. In na faɗi gaskiya, sunana ya wanku, amma na miƙa musu dalilin ɗauke ki wanda ya fi na farko ƙarfi.

A cikin kwanakin nan ne na je Wulari kai wa Rifkatu humra. Rifkatu nas ce, mutuniyar kudancin Borno, ta daɗe tana sayen turare a wurina har muka zama ƙawaye, in an yi Kirsimeti ta aiko mana da cincin, in an yi layya in kai mata nama. Na shiga na zauna, ta juya baya tana zuba mini ruwa tana magana. Da ta juyo ta ga ban amsa ba, sai ta ajiye kofin ta zauna daf da ni.

"Yagana, na daɗe ina kallon ki. Bakina kike kallo, ba idona ba. Tun yaushe?"

Sai kuka ya zo mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce jibi in shirya, za ta kai ni wurin likitar kunne.

A asibiti aka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akurki, aka rufe mini kunnuwa da wani abu, aka ce duk lokacin da na ji ƙara in danna. Na zauna ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Da ta gama duba kunnen ba ta sallame ni ba, ta tsaya tana kallon tsawona da wuyana, ta tambayi al'ada, ta tambayi haihuwa, ta tambayi ciwon kunnen yarinta. Ta sa aka ɗebi jinina aka aika wani gari. Da sakamakon ya dawo muka koma ni da Rifkatu, ta juyo da kujerarta ta fuskance ni, tana magana a hankali don in ga bakinta.

"Abin da ke tare da ke yana da suna. Tana ake ce masa."

Na ce, "Tana kuma? Ta cikin ƙasa?"

Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Likita ta ce a'a, sunan Turawa ne. Ta ce a jikin kowane mutum akwai wasu 'yan zarurruka na halitta da ido ba ya gani, bibbiyu suke zuwa. Akwai wasu biyu da mata suke da su, ni kuma ɗaya na zo da shi tun daga ciki. Gajartar, da rashin al'adar, da rashin haihuwar, da ciwon kunnen yarinta, da wannan jin da ke raguwa yanzu, duk gida ɗaya suka fito. Ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne. Ta ce matan da aka haifa haka da yawa jinsu yana raguwa tun kafin tsufa, abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma zai iya ƙaruwa, amma akwai na'urar da ake sawa a kunne ta taimaka. Ta ce za a duba mini zuciya ma. Ni duk wannan bai tsaya mini ba kamar tambaya ɗaya da Gwaggo Zara ta dasa mini shekara da shekaru.

Na ce, "Likita, ni dai mace ce?"

Ta ce, "Mace ce ke, Hajiya. Ba ragi."

Na fito ina jin sanyi a raina da haushi a haɗe. Sanyi don ashe abin yana da suna, haushi don duk saiwar nan mai ɗaci da na sha a banza na sha ta. A hanya cikin Keke na riƙa juya maganar nan ta cewa zai iya ƙaruwa. Da ina ce wa kaina ai ina jin manyan ƙararraki, ya isa. Amma in wata rana ke ce kika kira ni daga bakin ƙofa da 'yar muryarki fa? Ban da ikon yin caca da ranki a ɓoye, ba tare da ubanki ya sani ba. Sannan ga ɗaya gefen. In na tuba a kan ƙarya, za ki tashi a matsayin 'yar matar da ta yi murna da gawa, kuma a gidan nan ba a manta irin wannan, ranar aurenki ma sai an faɗa. Kafin mu iso Bolori na gama yanke shawara, kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

Ranar arba'in bayan an watse da la'asar, Bukar ya kai ni ƙofar Baba Mala. Na durƙusa, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na girma, na ɗaga kai na dube shi. Na ga tsufan da ya yi wanda ban sani ba, domin rabona da fuskarsa tun ina yarinya.

Na ce, "Baba, ka yi mini izini in kalli bakinka. In ban kalla ba, ba na jin abin da kake cewa. Ba yau ya fara ba. Gaisuwarka haddace ta na yi. Ran nan ban ji ka ce Gwaggo ta rasu ba, na ɗauka ka ce ka tashi lafiya."

Na gaya musu duk abin da likita ta ce, ban rage komai ba, har abin da mace ba ta faɗa a gaban wan ubanta. Bukar ya sunkuyar da kai. Baba Mala ya dube ni. Can sai ya sa hannu ya janye rawanin daga bakinsa, ya matso, ya buɗe baki sosai kamar mai koya wa yaro karatu.

"Yagana. Zara ta rasu."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Allah ya ba ka haƙuri, Baba."

Ya ce, "Amin. Ke ma Allah ya ba ki haƙuri. Mu ne ba mu ji ba."

Daga ranar har ya koma ga Allah, in na zo gaisuwa sai ya sauke rawanin. Matan gidan ma sun sassauto, ko da yake labarin madalla ya fi gaskiyar daɗin faɗa, shi ya sa shi ne ya rayu har ya iso kunnenku.

Maganarki kuwa Baba ya ce ya janye tasa, sauran tsakanina da uban yarinya. Washegari Bukar ya same ni ina daka icen sandal na turare, ya tsuguna a gabana don tsawonmu ya zo ɗaya, idonsa ja.

"Gana, da garin nan lafiya yake, wallahi ba zan taɓa ta ba. Amma in wani abu ya faru kina ɗaki tana waje, ni da ke duka ba za mu yafe wa kanmu ba. Ki ba ni aronta. In ƙura ta lafa zan dawo miki da ita."

Na ce, "'Yarka ce, Ya Bukar, ba a aron abin mutum a wurinsa."

Ya ce, "Taki ce. Shi ya sa nake roƙo."

Da ya zo da faɗa da na ji daɗi, domin faɗa na iya shi. Amma gaskiya ya faɗa, irin wadda ni ma na faɗa wa kaina a cikin Keke. Na ce ya tafi da ke. Don haka ku daina cewa ƙwace ki ya yi. Kuma ya cika alkawari, ya dawo da ke lokacin da za ki shiga sakandare, na riga na sami na'urar kunnen, ke kuma kin fi ni tsawo kina kiran wata Mama. Ban ƙullaci kowa ba. Amma shekarun nan da haƙoranki suka zube suka sake fitowa, da saukar karatunki, da zazzaɓin da aka ce kin yi kina kiran sunana, ba a hannuna aka yi su ba, kuma har yau in na tuna sai na ji ciwo.

Da safen da za ku tafi na yi miki kitso, na turara kayanki, na raka ku bakin titi. Ba ki yi kuka ba, kin ɗauka yawon hutu ne. Da mota ta tashi sai kika leƙo ta taga kika ɗaga murya kika faɗa mini wani abu. Na zuba ido a bakinki, amma motar ta riga ta karkata, gefen fuskarki kawai na gani. Na ɗaga hannu na yi murmushi, na yi shiru, domin na riga na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara amsa abin da ban ji ba. Na tambayi Bukar daga baya ya ce hankalinsa yana kan direba. Ke kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarki ba. Wataƙila cewa kika yi in ajiye miki ƙanzo. In kin tuna, Falmata, ki zo ki zauna a gabana inda haske yake, ki faɗa mini a hankali, kina bi na bashin amsa.